Yadda na fara ɗinka wa yarana kaya a gida, daga gyaran keke zuwa sakin kalmasa

Jariri yakan zo duniya da tsayin santimita 50 ko kusa da haka, kafin ya cika shekara ya kai wajen 75. Duk uwar da ta taɓa ninke riga sabuwa fil ta ajiye don ta yi wa ɗanta kaɗan ta san abin da wannan lissafi yake nufi. Ni yarana biyu ne, mace mai shekara huɗu da ƙanenta da bai fara tafiya ba, ga kuma keken ɗinkin Goggona da ya daɗe a rufe tun da idonta ya fara ba ta wahala. Da na yi niyyar gwadawa, sai na tarar duk bayanin da nake samu daga tsakiya yake farawa, a ce yanka nan, haɗa can, alhali abubuwan da suka fi rikita ni duk kafin a kai ga yankan suke. Don haka zan kawo abin bi da bi yadda ya zo mini, ko wata za ta huta da tambayoyin da na yi ta yi.

Keken na fara da shi. Goggo ta ce, "'Yar nan, kar ki kuskura ki taka shi kafin mai gyara ya gani, man cikinsa ya riga ya daskare." Na kai shi, mai gyaran ya juya hannun keken sau ɗaya ya ce, "Hajiya, sai dai ki bar shi. Bel ɗin ya mutu, kuma sai na kwance ƙasan." Na ɗauka aikin yini ne, sai ga shi ya ci kwanaki, ni kuwa zumuɗi ya hana ni sakat. Ranar da na koma ɗauka na roƙe shi ya nuna mini abin da ya yi, kuma wannan roƙon ya fi kuɗin gyaran amfani. Ya cire farantin da ke ƙarƙashin allura ya nuna mini inda burbushin zare yake taruwa tsakanin haƙoran da ke jan yadi, ya ce a riƙa share wurin da ɗan buroshi. Mai kuma na keken ɗinki kaɗai ake sawa, ɗigo ɗaya a kowane rami, sannan a ɗinka tsumma har man ya daina fitowa kafin a kawo yadin kirki. Hannun keke kullum wajenki ake juyo shi, in aka juya shi baya zare yakan cukurkuɗe. Sai allura: saman ta yana da gefe ɗaya mai faɗi, a kekunan zamani wannan gefen baya yake kallo, a tsofaffin baƙaƙen kekuna kuwa gefe yakan kalla. In aka sa ta a juye keke zai yi ta tsallake ɗinki ko ya ƙi kama zaren ƙasa sam, mutum ya yi ta zargin keken. Ki tambayi mai gyara yadda naki yake tun kina wurinsa.

A wurinsa kuma na fahimci lambobin da ke jikin kwalin allura. Za ki ga an rubuta 70/10, 80/12, 90/14 ko 100/16. Lambar farko kaurin allurar ce, 80 tana nufin milimita 0.8, ta biyun kuma tsarin Amurka ne na faɗin abu ɗaya. Yadin auduga mara nauyi, irin wanda akasarin kayan yara suke buƙata, 80/12 ta ishe shi. Mai kauri irin jins sai 100/16. Yadi mai talewa, irin na singileti, yana da tasa allurar mai dunƙulallen baki, wadda take ratsawa tsakanin silin yadin ba tare da ta tsinka shi ba. Allura tana dakushewa ko da ba ta karye ba, kuma da zarar kin ji tana ƙara tum-tum a kan yadi, lokacin canji ya yi. Sauran kayan aiki ba su da yawa: almakashi babba wanda ba za a taɓa yanka takarda da shi ba, wani ƙarami na datse zare, tef ɗin awo, alli, fil masu manyan kai da ake gani in sun faɗi ƙasa, ɗan ƙarfen farke ɗinki, zare, roba, da dutsen guga. A cikinsu almakashin ne ya fi tsada, kuma shi kaɗai ne na ga bai kamata a yi masa rowa ba. Ƙananan na'urori masu sheƙi da ake ta tallatawa ga masu koyo, har yau ban ga ranar da na nemi ɗaya daga cikinsu ba.

Mataki na gaba awo ne, kuma a nan na fara riƙe takarda. Tef yana da inci a fuska ɗaya da santimita a ɗayar, inci ɗaya santimita 2.54 ne, kuma bayanan da za ki ci karo da su wasu da wannan suke wasu da wancan. Ki zaɓi ɗaya ki tsaya a kai. Ni santimita na ɗauka don ba na son lissafin rabi da kwata da takwas-takwas. Na buɗe wa kowane yaro shafi, na rubuta kwanan wata a sama, sannan tsayinsa, zagayen kai, zagayen ƙirji, ƙugu, mazaunai, daga ƙugu zuwa gwiwa, daga ƙugu zuwa idon sawu, daga kafaɗa zuwa inda nake son riga ta tsaya. Ƙaramin yaro ba shi da ƙugu irin na manya, tumbinsa a gaba yake, don haka daidai cibiya ake zagaya tef, kuma kar a matse. Jaririn da ke sa kunzugu da kunzugun ake auna shi, in ba haka ba wando ba zai hau ba. Auna mai shekara huɗu sai da wasa da lallashi, na ƙanen kuwa sai da ya yi barci na samu tsayinsa. Wani abin da ya daɗe yana ruɗa ni shi ne lambar girman kaya. Shekaru ba sa faɗin gaskiya, domin yara biyu masu shekara ɗaya sai ki ga ɗaya ya ɗara ɗaya da tafin hannu. Tsarin Turai da tsayin yaro yake tafiya, yana hawa da santimita shida-shida: 74, 80, 86, 92, 98, 104, 110. In kin ga 104 a jikin patan, wato takardar da ake ɗorawa a kan yadi a yanka siffar kaya, tsayin yaron ake nufi. Sannan awon jiki ba shi ne awon riga ba. Yadin da ba ya talewa sai an ƙara masa sarari, wajen santimita 6 zuwa 8 a ƙirji, don yaro ya iya ɗaga hannu, ya durƙusa, ya yi numfashi.

Da takardar a hannu na je sayen yadi. Tambayar da ban shirya mata ba ita ce ta faɗi. Yadi ɗaya na awo santimita 91 ne da ɗan ɗoriya, bai kai mita ba, amma wannan tsawo ne kawai. Faɗin yakan zama 90, ko 115, ko 150, kuma shi ne yake yanke hukuncin yawan abin da za ki saya. Mita ɗaya mai faɗin 150 zai fitar da siket da wandon jariri har a samu ƙyallaye, mai faɗin 90 kuwa da ƙyar ya wuce siket ɗin. Na zaɓi auduga mai ɗan jiki, wadda in an ɗaga ta a haske ba a hango hannu sosai. Mai koyo ta nisanci yadi mai santsi da mai talewa, ta kuma nisanci zanen da yake da sama da ƙasa, irin dabbobi ko bishiyoyi a jere, domin sai kin gama ɗinki ki ga na baya duk kansu a ƙasa. Ƙananan furanni ko ɗigo-ɗigo suna ɓoye ɗinkin da bai miƙe ba. In kina shakkar ko auduga ce, Goggo ta koya mini a yanko ɗan ƙyalle a riƙe da ƙarfe a kan ruwa a kusantar da shi da wuta: auduga tana ci da warin ƙonannar takarda ta bar toka mai laushi, na roba kuwa narkewa yake ya dunƙule ya yi tauri. Wannan bambanci yana da nauyi a kayan yara, domin yadin da ke narkewa yana manne wa fata, auduga mara nauyi mai yalwa kuma saurin kama wuta take. Ko wanne aka sa wa yaro, nesa da wuta.

Na dawo gida ina ɗokin yanka, Goggo ta karɓi yadin ta ce sai an wanke. Wannan jira ya fi na mai gyara ciwo, don ga keke ga almakashi ga yadi, amma sai kallon igiyar shanya nake. Dalilin kuwa mai ƙarfi ne. Auduga tana tsukewa a wankin farko, mita ɗaya zai iya rasa santimita biyu, uku, har fiye, kuma a wandon jariri wannan ya isa ya sa ya ɗage. Wankin yana fitar da sinadarin da masana'anta ke shafa wa yadi don ya yi ƙyalli da tauri, wanda bai kamata ya taɓa fatar jariri ba, yana kuma nuna miki ko yadin yana zuba. A wanke shi yadda za a riƙa wanke rigar nan gaba, kowane launi daban, a goge shi tun yana da ɗan damshi. Kafin a jiƙa, a bi bakin da aka yanka da ɗinki ɗaya don kada ya zare. Bayan guga ta sa na ja yadin ta fuska uku. Ta tsawonsa, wato layi ɗaya da ƙulallen bakin da ya zo da shi daga masana'anta, ba ya motsi. Ta faɗi yana ɗan bayarwa. Ta kusurwa kuwa talewa yake sosai. Tsawon riga da tsawon ƙafar wando dole su bi tsawon yadin. Wandon da ƙafarsa take murɗewa bayan wanki, akasari karkatar da shi aka yi wajen yanka don a tsimi yadi.

Kafin in taɓa sabon yadin sai da na zauna da tsofaffin zannuwan gado ina koyon miƙar da layi. Keken ɗinki da zare biyu yake aiki, na sama da na bobin, ɗan ƙaramin abin naɗe zaren da ke ƙasa, suna sarƙewa a tsakiyar yadi. Wannan dabara ce Elias Howe ya yi wa rajista a Amurka a 1846, kuma har yau kekunan gida a kanta suke. Sanin haka shi ya warware mini matsalar da ta fi ba ni haushi, wato in ɗaga yadi in ga zare ya taru cunkus a ƙasansa. Hankali yana cewa laifin bobin ne tun da a ƙasa abin yake, amma kusan kullum zaren sama ne bai shiga wurinsa ba. Wajen zura zare dole ƙafar keke, wato ɗan ƙarfen da ke danne yadi a ƙarƙashin allura, ta kasance a ɗage, domin a lokacin ne faifan da ke matse zaren suke buɗe. In an zura tana ƙasa, zaren yana wucewa ta gefensu ne kawai. Sauran ƙa'idodin gajeru ne: a riƙe jelar zaren biyu a baya wajen farawa, a koma baya da ɗinki uku ko huɗu a farko da ƙarshe don ƙulli, tsawon ɗinki ya zama wajen milimita 2.5, kuma ido a kan bakin yadi yake, ba a kan allura ba. Na manna ɗan tef a jikin farantin, santimita ɗaya daga allura, na riƙa bin sa da bakin yadin. Kada a ja yadi, haƙoran keke ne ke tafiya da shi, hannu saiti kawai yake yi.

Abu na farko da na gama shi ne ƙyallen wuya na tare wa jariri dalala, kuma da shi nake ba kowa shawarar farawa. Na ɗora wani tsohon ƙyallen wuya a kan takarda na zagaya shi, na ƙara santimita ɗaya ta ko'ina a matsayin rarar ɗinki, na yanko ɗaya a auduga ɗaya a tsohon tawul. Aka haɗa fuska da fuska, aka ɗinke zagaye, aka bar ƙofa ta santimita 6 ko 7 a wuri mai miƙe. Sai abin da babu wanda ya gaya mini sai Goggo: duk inda ɗinki ya yi lanƙwasa sai an tsattsaga rarar da bakin almakashi, kusa da ɗinkin amma ba a taɓa shi ba, in ba haka ba idan an juya sai wurin ya tattare. Na juyo shi ta ƙofar, na goge, na bi bakinsa da ɗinki ɗaya wanda ya rufe ƙofar gaba ɗaya. Maɗaurin kuma na sa Velcro, abin maƙalewar nan mai gefe biyu, ɗaya mai kaushi ɗaya mai laushi, mai laushin yana fuskantar fata, ban sa igiya ba. Aikin bai fi tafin hannu biyu ba, amma a cikinsa akwai yanka da lanƙwasa da juyi da guga da ɗinkin sama, wato rabin abin da ake buƙata a riga. Ƙyallen nan ana cire wa yaro shi kafin ya kwanta barci.

Na biyu siket mai roba, wanda ba ya buƙatar patan ko kaɗan. Ƙugun yarinyar 52 ne, na yanka faɗin yadin ninki biyu saura kaɗan, wajen 95, don ya yi tattara mai kyau. Tsawo kuma na ɗauki daga ƙugu zuwa gwiwa, na ƙara 3.5 na ƙubaka, na ƙara 6 na kalmasar ƙasa. Na haɗa gefe ya zama zobe. Keken Goggo miƙaƙƙen ɗinki kawai yake yi, ba shi da zigizag, don haka bakin yadin da ke ciki zai zare a wanki in aka bar shi haka. Mafita ita ce ɗinki mai ɓoye baki: a fara haɗa baya da baya, fuskar yadin tana waje, a ɗinka rabin santimita, a rage rarar, a juya, a goge, a sake ɗinka santimita ɗaya ta ciki. Bakin ya shige ciki ke nan, babu abin da zai sosa fatar yaro. Ya ninka aiki, amma a ganina a kayan ƙananan yara ya fi kowane irin gamawa. Ƙubakar na ninka santimita ɗaya, na sake ninka 2.5, don robata mai faɗin 2 ce kuma tana son ɗan wurin motsi. Na bar ƙofa, na maƙala babban fil mai rufewa a bakin robar na zura ta. Ɗaya bakin a kafe shi da wani fil a jikin yadi, don kar ya bi ya shige. Tsawon robar daidai ƙugu na yanka, na ɗora baki a kan baki santimita biyu, wanda ya rage ta daidai yadda za ta kama. Kafin in ɗinke na sa wa yarinyar, ta zauna, ta yi tsalle, na duba ko robar ta bar shaida a fata. Roba ba ta da hali ɗaya, wata tana da ƙarfi wata lakwas, don haka gwaji a jikin yaro ya fi lissafi.

Wando ne ya fara sa ni zufa. Na ɗauki wanda yake yi wa jaririn daidai, na ninka shi biyu ƙafa a kan ƙafa, na jawo hantsar waje ta fito da ƙugiyarta, na ɗora a takarda. Wajen zana ƙugun sai an tale robar tsohon wandon har iyakarta, wani ya riƙe miki, domin faɗin yadin kike nema ba na robar ba. In aka zana shi a tsuke, sabon ba zai wuce mazaunai ba. Baya ya fi gaba tsawo da zurfi, musamman ga mai kunzugu, don haka na zana su daban na rubuta wa kowanne sunansa, da girman, da kibiya mai nuna tsawon yadi. Na ninka yadin biyu na yanka, ta haka ƙafar dama da ta hagu suka fito suna kallon juna. Haɗawar ce ta tsaya mini a rai, na yi ta juya gutsattsarin ban ga wando a cikinsu ba. Goggo ta karɓa ta ɗinke kowace ƙafa ita kaɗai ta zama bututu, ta juya ɗaya fuskarta waje, ta zura ta cikin ɗayar, ta daidaita ɗinkin cinya da na cinya, ta ce, "To, bi wannan lanƙwasar daga gaba har baya, sau biyu, nan ne yake fara yagewa." Da na zaro ƙafar sai ga wando. Ƙubaka da roba irin na siket ne. Na saƙala ɗan guntun ribom a ƙubakar ta baya don a riƙa gane gaba da baya ba tare da dogon nazari ba.

Riga na bari ƙarshe, kuma gara da na yi hakan, saboda wuya. Kan yaro babba ne in aka gwada da jikinsa. Jariri sabon haihuwa zagayen kansa wajen santimita 35 ne, a shekara ɗaya ya kai wajen 46, mai shekara huɗu kusan 50, alhali na babba bai cika wuce 55 zuwa 58 ba. Wuyan riga da ya zauna da kyau a kafaɗar yarinya ba zai taɓa wuce kanta ba in yadin ba ya talewa. Shi ya sa rigunan yara suke da tsaga a baya ko maɓalli a kafaɗa. Na yi tsaga ta santimita 10 a baya, kuma kafin in yanka yadin kirki na ɗinka saman rigar da tsohon zanen gado na gwada mata. Wannan gwaji ya nuna mini hammatar tana buƙatar sauka kaɗan, na gyara a takarda, ban yi asarar komai ba. Rigar mara hannu ce, mai buɗewa zuwa ƙasa. Wuya da hammata na gama su da bayas, wato siraran yadi masu faɗin santimita 4 da aka yanko ta kusurwa, inda yadi ya fi talewa, shi ya sa suke bin lanƙwasa su kwanta lumui. Wanda aka yanko a miƙe ba zai kwanta ba duk iya gugarki. Bayas yana cin yadi kuma yana cin haƙuri, amma ana sayar da shi a haɗe, kuma ban ga aibin mai koyo ta saya ba.

A kan wuyan nan ne na yi karatun da ya canza mini tsari. Akwai wata riga mai sauƙi da ake yawan koya wa masu farawa, wadda ake zura zariya ko ribom a wuya a ɗaure a kafaɗa. Kyakkyawa ce, kuma cikin awa ɗaya ake gama ta. Sai dai igiya a wuyan ƙaramin yaro tana iya maƙalewa a lilo, ko abin zamiya, ko hannun ƙofa, kuma an rasa yara ta wannan hanya. Hukumar kare lafiyar masu sayen kaya ta Amurka ta fitar da gargaɗi a 1996 kan zariya a wuya da hular rigunan sanyi na yara, a Turai kuma ƙa'idar EN 14682 ta hana zariya a wuya da hula a kayan yaran da ba su kai shekara 7 ba. Waɗannan dokoki masana'antu aka yi wa, amma haɗarin bai san ko a gida aka ɗinka ba. Na bar zariya gaba ɗaya, roba ko maɓalli kawai. Maɓallin ma akwai magana. Ma'aunin da ake gwada kayan yara 'yan ƙasa da shekara 3 da shi wani ɗan bututu ne mai faɗin santimita 3.17, duk abin da ya shige cikinsa zai iya shaƙe yaro, kuma kusan kowane maɓalli da dutsen ado yana shigewa. A kayan jaririn ban sa ado mai cirewa ko ɗaya ba. Na yayar na ɗinka da zare ninki biyu, na ƙulle sosai, kuma ina jan su da ƙarfi bayan kowane wanki. Sai zaren da ke reto a cikin safa ko ƙafar wando: siririn zare yana iya naɗe yatsan jariri ya hana jini gudu, uwa tana ta neman dalilin kuka. A juya kaya a datse kowace jela kafin a sa masa.

Ƙyallayen da suka rage su suka zama kayan kwalliya, kuma a nan yarinyar ta shigo aikin. Ribom ɗin gashi mai tattara yanki ne mai tsawon 50 da faɗin 10, a ninka ta tsawo, a ɗinke, a juya, a zura roba ta santimita 20, a ƙulle, a rufe baki da hannu. 'Yar jaka kuma murabba'i biyu ne da gajerun hannaye, gajeru da gangan don kar ta rataya a wuya. Aljihun da aka ɗora daga waje yana cinye ƙyalle ƙarami, yana kuma rufe tabo ko ɓula a tsohuwar riga. Ita ce take zaɓar launi, tana zana layi da alli, tana zura roba. Allura da almakashi ban ba ta ba tukuna, kuma ina ƙirga fil ɗina kafin in fara da bayan na gama, saboda mai rarrafe.

Da na zauna na yi lissafin abin da na kashe, kayan farko ba su zo da araha ba in aka haɗa da gyaran keke da almakashi da sauran tarkace. Sauƙin daga baya yake zuwa, lokacin da kuɗin ya koma na yadi da zare da roba kawai, ya kuma fi fitowa in ana yanka tsofaffin kayan manya, domin rigar namiji ɗaya tana fitar da rigar yarinya da maɓallanta a jere, hannayenta kuma su zama ƙafafun wandon jariri da kalmasarsu a gama. Lokaci shi ne babban farashi. Ɗinkin kansa bai kai sulusin aikin ba, sauran duk awo ne, da wanki, da guga, da yanka, da sa fil. Da zan sake farawa, tsarin da zan bi shi ne wannan ɗin dai: ƙyallen wuya, siket, wando, sannan riga, kowanne yana koya abin da na gaba zai nema. Dutsen guga ya zauna kusa da keke, a goge kowane ɗinki kafin wani ya ratsa shi. Patan ɗin da ya yi daidai a mayar da shi kan kwali, a rubuta girman da ranar, a ajiye tare da takardar awo, a kuma sake auna jariri duk bayan wata biyu ko uku.

Kalmasar santimita 6 da na bar wa siket ɗin ta yi ranarta da yarinyar ta ƙara tsayi. Na farke ta, na goge, na mayar da ita siririya, siket ɗin ya sauko da kusan santimita 4. Tsohon ninkin yakan bar farin layi da guga ba ta goge shi, sai na ɗora siririn ribom a kansa na ɗinke ta gefe biyu. Robar ƙugu ma na buɗe ƙofar ƙubakar na canza ta da mai tsawo, abin da ya yi sauƙi saboda ban ɗinka ta haɗe da yadin ba, sai a wuri ɗaya a gefe don kar ta murɗe. A wandon ƙanen na yi wata dabarar: na ƙara wa ƙafafun tsawo, na yi musu shafi da yadi mai wani launi, ana naɗe su sama yanzu, in ya ƙara tsayi a sauke.